Tambayi Anti: Moktel, Chapman da 'yar kwalbar nan mai murfi ruwan ɗorawa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abin sha ne, ga zafi ya kankama ga bukukuwa ko ta ina, shi ya sa na tattaro su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Salam Anti, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce, na fara 'yar sana'ar haɗa moktel a wajen dina da kamu, Alhamdulillah ana samu daidai gwargwado. To kawuna ne ya ji labari ya kira mamanmu wai sana'ar 'yan giya na ɗauko, wai abin ma a mashaya aka ƙirƙiro shi. Wallahi Anti ko ɗigon giya ban taɓa sawa ba amma maganar ta tsaya min a rai. Dan Allah mene ne asalin abin nan? Ƙanwarki daga Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ta ɓangaren tarihi kam Kawu bai faɗi ba daidai ba, kuma gara ki san haka tun yanzu kar ki je kina musu da babba a kan abin da ya fi ki gaskiya a kai. Koktel, wato haɗin abin sha mai giya, wanda shi ne uban moktel ɗin naki marar giya, a mashaya ya tashi. Amma labarin yana da tsawo, kuma akwai rabonki a ciki.

Tun shekarun 1600 Turawan Ingila masu kasuwanci a Indiya suke haɗa wani abu a ƙaton kwano, giya da lemon tsami da suga da ruwa da kayan ƙamshi, a zauna a kewaye shi kowa yana ɗiba, shi ne ake kira punch. Daga baya da rayuwa ta koma ta sauri, musamman a Amurka, mutane suka daina samun lokacin zama kan kwano ɗaya, sai aka koma haɗa wa kowa nasa a kofinsa. A 1806 wani mai karatu ya rubuta wa wata jarida ta garin Hudson da ke jihar New York, The Balance and Columbian Repository, yana tambayar wai mene ne koktel, editan ya ba shi amsa ranar 13 ga Mayu cewa abu huɗu ne: giya mai ƙarfi kowace iri, suga, ruwa, da ruwan ɗaci na saiwoyi. Daga wannan amsar masu tarihin abin suke fara ƙirga.

Abin da ya ɗaga sana'ar kuma ƙanƙara ce, kuma ni nan ne labarin ya fi burge ni. Wancan zamanin ba firji ba wutar lantarki, sai wani saurayi ɗan Boston, Frederic Tudor, ya ce shi zai riƙa yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare lokacin sanyi ya loda a jirgin ruwa ya kai ƙasashen zafi ya sayar. Mutane suka yi ta masa dariya. A 1806 ya kai kayansa na farko tsibirin Martinique ya tafka asara, har gidan yari ya shiga saboda bashi, amma bai haƙura ba, ya gano in aka lulluɓe ƙanƙara da garin katako tana daɗewa ba ta narke ba. A 1833 ya loda tan 180 zuwa Kalkata a Indiya, tafiyar kusan wata huɗu a teku, kuma kusan tan 100 ta isa lafiya. Da ƙanƙara ta yi arha ta shiga kowace mashaya sai haɗa abin sha ya zama aikin da yake buƙatar kayan aiki da ƙwarewa, girgizawa da tacewa da auna komai.

Wanda ake ɗauka uban sana'ar shi ne Jerry Thomas. A 1862 ya fitar da littafin haɗe-haɗen abin sha na farko da aka buga a Amurka, kafin nan kowa a ka yake riƙe nasa yana ɓoyewa. Mutum ne mai son nuna bajinta, yana da wani haɗi da ake kira Blue Blazer, ya kunna wa giya wuta ya riƙa juya ta daga wannan kofin ƙarfe zuwa wancan tana ci bal-bal, kamar dai yadda mai shayi yake ɗaga hannu sama yana sheƙa shayi tsakanin kofi biyu ba ya zubar da ko ɗigo. To ga inda nake so ki riƙe: a cikin wannan littafin nasa akwai sashe guda na abin shan da ba giya a ciki, lemo iri-iri har da na citta da sharbat. Lokacin akwai ƙungiyoyi masu ƙarfi na masu yaƙi da shan giya a Amurka, yawancinsu mata da malaman coci da suka ga yadda giya take rusa gidaje, kuma su ma suna zuwa otal suna son a ba su abu mai daɗi. Kin ga ashe layinki ba jiya ya fara ba.

Waɗannan ƙungiyoyin ne suka yi ta matsa lamba har Amurka ta haramta sarrafa giya da sayar da ita daga Janairun 1920 zuwa Disambar 1933. Ba a daina sha ba, aka koma mashayun ɓoye, 'yan daba irin su Al Capone na Chicago suka yi kuɗi da fasa-ƙwauri, giyar da ake dafawa a ɓoye kuma ba ta shayuwa sai an danne ta da ruwan 'ya'yan itace da suga. Ƙwararrun masu haɗi da yawa suka tattara suka bar ƙasar, wasu Landan wasu Faris wasu Habana ta ƙasar Kuba, da haka sana'ar ta bazu duniya. Harry Craddock yana cikinsu, ya sauka otal ɗin Savoy na Landan, ya fitar da nasa littafin a 1930. Kuma tunda ke mace ce bari in faɗa miki, kafin shi mace ce take shugabantar kantar haɗa abin sha ta Savoy ɗin, Ada Coleman, tun 1903 har sama da shekara 20.

Moktel mafi suna a duniya a shekarun 1930 ya fito, aka sa masa sunan wata yarinya 'yar fim, Shirley Temple, lemon citta mai gas ne da ɗan jan ruwan grenadine da 'yar ceri a sama, don yaro ma ya samu abin riƙewa in manya suna shan nasu.

Saboda haka ni a ganina abin da kika gada daga waɗancan mutanen awo ne da sarrafa ƙanƙara da iya daidaita zaƙi da tsami da iya tarbar mutane, duk ba wanda yake buƙatar giya. Mu ma ai ba baƙi ba ne a harkar, zoɓo da kunun aya da lemon tsamiya da na citta duk haɗi ne, iyayenmu mata sun daɗe suna auna kanumfari da masoro da ido. Sai dai kar ki raina damuwar Kawu, akwai malamai da suke ƙyamar a riƙa kwaikwayon zaman mashaya ko da abin da ke kofin halal ne, to ki kiyaye wannan, ki daina sa wa kayanki sunayen haɗin giya, ki raɗa musu naki, ki guji jera kwalabe masu kama da na giya a teburinki don ado. Sannan ki ɗauki kayan aikinki ki je har gida ki gaishe shi, ki haɗa a gabansa ya ga komai da idonsa, in akwai abin da bai kwanta masa ba ya faɗa ki gyara.

TAMBAYA: Anti barka da warhaka. A wajen wata walima na ga mai haɗa Chapman yana ɗiga wani abu daga 'yar ƙaramar kwalba mai murfi ruwan ɗorawa, takardar jikinta ma ta fi ƙarfin kwalbar. Na tambaye shi ya ce ai flebo ne kawai. Abokina kuma ya ce giya ce. Wane ne mai gaskiya? Ƙaninki daga Kano.

AMSA: Ƙanina abokinka ya fi kusa da gaskiya, kuma na ji daɗin wannan tambayar sosai don abu ne da yake damuna. Wannan kwalbar Angostura ce, irin ruwan ɗacin nan da na ambata a sama. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, wanda yake aiki da rundunar Simón Bolívar, jagoran yaƙin neman 'yanci a Kudancin Amurka, shi ya haɗa shi a 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela a matsayin maganin ciki, daga baya a 1875 iyalinsa suka mayar da kamfanin tsibirin Trinidad, har yau can ake yinsa. Saiwoyi ne da kayan ƙamshi ake jiƙawa a cikin sinadarin barasa, kuma in ka juya kwalbar ka karanta za ka ga an rubuta 44.7%, wato ya fi yawancin giyar wiski ƙarfi. Ba a kurɓarsa haka, ɗigo kaɗan ake sawa don ƙamshi da ɗan ɗaci-ɗaci, shi ya sa masu sayarwa suke ɗaukarsa kamar kayan girki.

Chapman kuwa namu ne na Najeriya, an fi danganta shi da Ikoyi Club ta Legas, kuma haɗinsa na asali Fanta ne da Sprite da grenadine da lemon tsami da yankan kokwamba da lemon zaƙi, sai wannan Angosturar. Ana kiransa abin shan da ba giya, kuma gaskiya ɗigo uku a cikin ƙaton kofi ba zai bugar da kowa ba, amma mu ba da buguwa kaɗai muke auna abu ba, hadisi ya zo cewa abin da mai yawansa yake sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Fatawa ta malamai ce ba tawa ba, ni dai ba na sawa kuma ba na son a sa min ba a faɗa min ba. Mai haɗin nan da ya ce maka flebo ne mai yiwuwa shi ma haka aka koya masa, bai taɓa karanta jikin kwalbar ba, da yawa haka suke. In za ku ɗauki mai haɗi a biki ku faɗa masa tun wajen ciniki cewa ban da Angostura.

Masu sana'a kuma ga madadi. Ku samu ɓawon lemon zaƙi har da farin cikinsa don a nan ɗacin yake, da kanumfari da kirfa da 'yar citta da ɗan kimba kaɗan, ku tafasa a ruwa kofi ɗaya a wuta ƙasa-ƙasa har ya kusa komawa rabi, ku bar shi ya huce da kayan a ciki sannan ku tace. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kofi. A firji ake ajiye shi kuma kwana kaɗan yake yi tunda ba barasar da za ta tsare shi, saboda haka ku riƙa yin daidai aiki.

TAMBAYA: Anti shi kuma tonik fa, naga yana da ɗaci, akwai giya a ciki? Daga Zariya.

AMSA: Babu. Ruwa ne mai gas da suga da ɗan kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro na da, wanda ake samu daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka. Turawan Ingila a Indiya suna shan kwinin don kariya, ɗacin ya ishe su suka riƙa sirka shi da soda da suga, wasu suka ƙara da giyar jin, daga nan aka samu haɗin da ya yi suna. Kwinin ɗin nan ya taɓa tarihinmu ma, a 1854 Dakta William Baikie ya shigo kogin Kwara da Binuwai da jirgi yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma ba wanda zazzaɓi ya kashe, abin da ya ba Turawa ƙwarin gwiwar kutsowa ciki ke nan. Na kwalbar yanzu kaɗan ne ƙwarai, ba ya maganin maleriya, kar wani ya sha ya ƙi zuwa asibiti.

TAMBAYA: Salam Anti. Na gama karatun harkar otal na daɗe ba aiki, yanzu wani babban otal a Abuja sun ɗauke ni amma a ɓangaren mashaya, zan riƙa haɗa wa baƙi har da mai giya. Albashin yana da kyau ga mahaifiyata ba lafiya. Ni ba na sha. Me kike gani? Ɗanki.

AMSA: Ɗana Allah ya ba Mama lafiya, ya buɗa maka. Na san nauyin da ke kanka kuma ba zan yi maka magana kamar abu ne mai sauƙi ba, amma ba zan ɓoye maka ba, hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kan giya, ciki har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita da mai sayarwa, ba mai sha kaɗai ba. Wannan ba wurin da ake kwana-kwana ba ne.

Kafin ka ajiye takardar ka je ka samu manajan da ya ɗauke ka, ka yi masa bayani cikin ladabi ka roƙi a mayar da kai ɓangaren kofi da shayi da lemuka, ko ɗakin taro, ko wajen karin kumallo. Manyan otal suna da waɗannan ɓangarorin kuma Abuja cike take da baƙin da ba sa shan giya, mai hankali zai ga amfanin ma'aikacin da ya ƙware a nan. Ko a Turai kasuwar ta juya, tun da wani kamfanin Ingila mai suna Seedlip ya fito da kayan haɗi marasa barasa a 2015 manyan wurare suke ware shafi guda na irin wannan a takardar odarsu. In sun ƙi, ilimin da ka karanta bai tafi ba, masu biki suna neman mai haɗi mai tsafta ruwa a jallo, da kula biyu da tebur da kofuna ake farawa. Ka samu malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa halin da kake ciki dalla-dalla har da maganar jinyar Mama, kar ka yanke hukunci kai kaɗai cikin dare.

TAMBAYA: Anti ni matsalata in na haɗa a gida yana daɗi, amma a wajen biki kafin a raba wa rabin mutane ya zama tsararo, gas ya sace, wani lokacin na'ana'ar ma ɗaci take yi. Kwastoma ɗaya har ta rage min kuɗi. Ina nake kuskure? Daga Jos.

AMSA: 'Yar'uwa kusan kowa da wannan yake farawa, kuma duk abu uku ne: awo, ƙanƙara, da lokacin da kike haɗawa.

A gida kofi ɗaya kike yi kina ɗanɗanawa, a biki kuwa ba halin haka, dole sai da ma'auni. Ki sayi ɗan ma'aunin nan na ƙarfe mai baki biyu da ake kira jiga, in babu ki samu murfin maganin yara mai layin mililita. Ki daina zuba garin suga kai tsaye don ba ya narkewa a ruwan sanyi, kwanciya yake a ƙasa, na farko ya sha lami na ƙarshe ya sha zuma. Ki dafa ruwan suga, kofi ɗaya na suga kofi ɗaya na ruwa, ya narke ya huce ki ɗura a kwalba. Ki fara da zaƙi da tsami kai ɗaya, misali mililita 20 na ruwan suga mililita 20 na lemon tsami a kofi, ki ɗanɗana ki gyara, mutanenmu sun fi son zaƙi ya ɗan rinjaya amma in kika kashe tsamin gaba ɗaya kofi ɗaya zai gundure su. Da kin samu yadda kike so ki rubuta a littafi, sai lissafi ya zo da sauƙi, mutum 200 a mililita 20 lita 4 ke nan, kin san abin da za ki saya ba kame-kame.

Lemon tsami kuma ki matse da kanki ranar aikin, in ya kwana ɗanɗanonsa juyawa yake. Ko a Amurka an yi shekaru ana amfani da na gwangwani da na gari har sana'ar ta lalace, sai da wani Dale DeGroff ya dawo da matse sabo a mashayar Rainbow Room ta New York daga 1987 sannan ta farfaɗo. Grenadine ɗin kanti ma yawanci kala ce da suga duk da asalinsa ruwan rumman ne, ni na fi son a dafa zoɓo mai kauri a tace a sa suga daidai yawansa, ga ja mai kyau ga ɗan tsami nasa na kansa, ga arha.

Ƙanƙara ita ce take cin ki. Mutane suna ganin in sun sa kaɗan sun yi tattali, alhali ƙwaya biyu a cikin lemo mai ɗumi nan take suke narkewa su tsinka shi. Ki cika kofin da ita taf, manya-manya masu tauri, busassu ba waɗanda suka fara zubar da ruwa ba, kuma lemukan su kwana a sanyi tun jiya. Kula biyu za ki riƙe, ɗaya ta sanyaya kwalabe da bulok ɗin kasuwa, ɗaya ta ƙanƙarar da za ta shiga bakin mutane, wannan kam da ruwa mai tsafta za ki yi ta da kanki ko ki saya inda kika yarda da su, kuma da cokali ko abin ɗauka ake ɗiba ba da hannu ba. Taifot da kwalara ba sa mutuwa don ruwa ya daskare, biki guda za ki iya kwantarwa.

Gas kuma ba a haɗa shi a ajiye. Ki haɗa ruwan suga da tsami da zoɓonki a jarka tun a gida, a wajen taron ki zuba awonsa a kofi, ƙanƙara ta biyo, sai a buɗe Sprite ko soda a zuba a hankali ta gefen kofin, a juya sau ɗaya da dogon cokali a miƙa. Abin da ba gas kaɗai ake girgizawa a gwangwanin ƙarfe mai murfi na masu haɗi, daƙiƙa 10 zuwa 15 ya isa, da kin ji ƙarfen ya yi sanyin da yake cizon hannu kin gama. Mai gas in kika girgiza a jikinki zai ƙare.

Na'ana'a kuwa dakanta kike yi shi ya sa. Ƙamshin a jikin ganyen yake, in kika ragargaza shi ɗacin ne yake fitowa. Ganye 8 zuwa 10 a gindin kofi tare da ruwan suga, ki danna a hankali sau uku ko huɗu da bayan cokali ki bari haka. Wanda za ki ɗora a sama don ado ki ɗora shi a tafin hannu ki tafa sau ɗaya kafin ki sa, ki tsoma tsinken zuƙa kusa da shi yadda hanci zai riƙa jin ƙamshin. Kuma ki tafi da mataimaka aƙalla biyu, ɗaya yana zuba ƙanƙara ɗaya yana buɗe kwalba ke kina awo, tire goma-goma ana fita da shi, kar ki yarda uwar biki ta sa ki jera kofi 200 tun kafin amarya ta iso.